Fitilar alama a makunnin ƙafa na ampilin bas: yadda ake haɗa ta da kalmomin da ake bayaninta

1. Gabatarwa

Tun daga 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, ake muhawara a ƙasarmu a kan ko harsunan gida na iya ɗaukar bayanin kimiyya da fasaha. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, don haka tambayar ta ƙara nauyi. Sau da yawa aikin ƙirƙirar kalmomi yakan tsaya ga jeri, kalmar Faransanci a hagu, ta Hausa a dama. Jeri irin wannan yana da amfani, amma ba ya nuna wurin da kalma za ta ɓatar da mai aiki da ita. Ana ganin wannan ne idan aka ɗauki aiki guda, aka yi bayaninsa daga farko har ƙarshe.

A wannan ɗan rubutu mun zaɓi ƙaramin aiki na lantarki, wato sa fitilar alama a makunnin ƙafa na ampilin gitar bas. Aiki ne da makaɗan zamani ke kai wa masu gyaran rediyo, kayansa ba su da tsada, kuma sakamakonsa a fili yake: ko dai fitilar ta faɗi gaskiya, ko ta yi ƙarya. Za mu nuna cewa akasarin kurakuran da ke sa ta yin ƙarya suna da tushe a cikin kalmomi huɗu na yau da kullum, wato buɗe, rufe, wuta da ƙarfi.

2. Makunnin ƙafa da abin da ya rasa

Gitar bas ta lantarki ta yaɗu ne bayan kamfanin Fender na Amurka ya fitar da Precision Bass a 1951, sannan ampilin Bassman a 1952. Makaɗin bas yana aiki da hannuwansa biyu, hagu na danne tsirkiya, dama na kaɗa ta. Idan yana son canza wani abu a jikin ampili cikin tsakiyar kiɗa, ƙafa kaɗai ta rage masa. Shi ya sa masu ƙera ampili suka tanadi wata kafa ta musamman inda ake soka wayar makunnin ƙafa. A ampilin Ampeg SVT-3 Pro, alal misali, makunnin yana iya sa ampili ya yi shiru gaba ɗaya, yana kuma iya kunna madaidaicin murya. A manyan ampilolin Fender Rumble yana kunna sashen da ke ƙara wa murya kaushi.

Makunnin kansa ɗan akwati ne na ƙarfe ko na roba, da maɓalli a bisa, da waya mai kan jak na milimita 6,35. Jak mai sauƙi sassa biyu gare shi, tsini (pointe) da jiki (manchon). Wanda ke ɗauke da umarni biyu yana da zobe (anneau) a tsakaninsu. A galibin ampilolin zamani muryar gitar ba ta bi ta wannan waya. Umarni kawai ke bi: makunni ya haɗa tsini da jiki, ko ya raba su, ampili kuma ya fahimci abin da ake nufi.

Makunnai iri biyu ne. Akwai mai riƙewa (à verrouillage), wanda idan aka taka shi ya haɗa sai ya zauna a haka har a sake taka shi. Akwai mai saki (à impulsion), wanda ke haɗawa muddin ƙafa na kansa, ya koma yadda yake da zarar an ɗaga ta. Kamfanin Boss yana sayar da iri biyun, FS-5L mai riƙewa da FS-5U mai saki, kuma abin lura shi ne na farkon ne kaɗai ke da fitila. Za mu ga dalilin haka a sashe na 8.

Matsalar makunni mai riƙewa ita ce siffarsa ba ta canzawa. Ko yana haɗe ko yana katse, maɓallin yana komawa tsayinsa na da. Mu kwatanta waɗannan jimloli:

(1) Na taka makunni.
(2) Makunni a haɗe yake.

Jimla ta (1) tana ba da labarin aiki da ya auku, ta (2) tana bayyana hali da ke nan yanzu. Daga ta farko ba a iya gano ta biyu sai an san halin da aka fara da shi, an kuma ƙidaya sau nawa aka taka. Makaɗin da ya sa ampili shiru don ya gyara tsirkiya, ya mance, zai shiga waƙa ta gaba ba tare da an ji shi ba, ganga kuma ta rasa abokin tafiyarta a gaban jama'a. Aikin fitilar alama shi ne ta mayar da (1) zuwa (2), wato ta nuna hali.

3. Buɗe da rufe

A Hausar yau da kullum muna cewa:

(3) Buɗe famfo, ruwa ya zubo.
(4) Buɗe rediyo mu ji labarai.
(5) Rufe rediyon nan, ana kiran salla.

A (4) da (5) an ɗauki na'ura kamar ƙofa ko famfo: abin da aka buɗe yana wucewa, abin da aka rufe ya tsaya. Ba Hausa kaɗai ke yin haka ba, domin a Faransancin baka ma ana jin ouvrir la radio da fermer la lumière. To amma a harshen masana lantarki ma'anar ta juye. Kuran yana tafiya ne a zagaye, ya fita daga wani kai na pil ya komo ta ɗayan. Idan zagayen ya cika, wato circuit fermé, kuran na gudana. Idan an yanke shi, wato circuit ouvert, babu abin da ke wucewa. Ke nan wanda ya fassara interrupteur fermé da «makunni a rufe» ya faɗi daidai a wajen injiniya, amma almajirin mai gyara zai ji cewa an kashe ne, alhali a lokacin ne kuran ke gudana.

Ko da an warware wannan, akwai ruɗani na biyu a bayansa. Haɗuwar makunni ba koyaushe take nufin kunnuwar abin da ake so ba. Misali mafi kyau yana cikin ampilolin gitar na Fender na shekarun 1960, kamar Twin Reverb. Makunninsu na ƙafa yana da maɓalli biyu a akwati ɗaya. Na rawar murya (vibrato) idan ya haɗa, rawar muryar ta kunnu. Na amsa-kuwwa (réverbération) idan ya haɗa, sai ya zubar da muryar amsa-kuwwar zuwa mas, ta mutu. Maɓalli biyu ke nan kusa da juna, suna cikin hali ɗaya, sakamakonsu kuwa kishiyoyi.

Saboda haka muna ba da shawarar a raba matakai uku, kowane da kalmominsa, kada a ari na wani a kai wa wani:

a) abin da ƙafa ke yi: taka, ɗaga;
b) halin makunni: a haɗe, a katse;
c) halin aikin da ampili ke yi: a kunne, a kashe.

Buɗe da rufe kuwa a bar su ga murfin akwati. Makaɗi mataki na (c) yake son fitila ta nuna masa, mai gyara kuma mataki na (b) yake gani a gabansa. Duk aikin ya rataya ne a kan gano dangantakar (b) da (c) a wannan ampili na musamman.

4. Wuta da ƙarfi

Kalmar wuta tana ɗauke da ma'anoni da yawa: wutar murhu, hasken fitila, da lantarki kansa. A aikin da ya ƙunshi fitila da lantarki da ƙarfen liƙi mai zafi, jimlar «babu wuta» ba ta gaya wa kowa komai. A nan Hausar Nijar tana da sa'a, domin ta aro kuran daga courant, pil daga pile, da ampul daga ampoule, inda Hausar Nijeriya ke cewa wuta ko lantarki, batir, da ƙwan fitila. Za mu riƙe kuran ga lantarki, haske ga abin da ido ke gani.

Kalmar ƙarfi ma haka take. Ana cewa «ƙarfin kuran» ko ana nufin tension, ko intensité, ko puissance. A ƙaramar fitila bambancin biyun farko shi ne bambancin rai da mutuwa. Muna ba da shawarar waɗannan, bisa kwatancen tankin ruwa da ke bisa hasumiya:

matsi (tension), ana auna shi da volt, kamar tsayin tankin;
kwarara (intensité), ana auna ta da ampe ko miliampe, kamar yawan ruwan da ke bi ta bututu;
turjiya (résistance), ana auna ta da om, kamar ƙuncin bututun.

Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta haɗa su uku: matsi daidai yake da turjiya sau kwarara. Ɗan abin da ake sakawa a zagaye don ya kawo turjiya, masu sana'a sun san shi da sunansa na Faransanci, za mu rubuta shi rezistans. Ta haka Hausa ta raba abin da Faransanci ya haɗa a kalma ɗaya, wato sifa (turjiya) da abu (rezistans).

Fitilar da ake amfani da ita diyod ce mai haske, wadda aka fi sani da LED, ko DEL a Faransanci. Nick Holonyak ya ƙera ja ta farko a kamfanin General Electric a 1962. Shuɗiya mai haske sosai ta fito daga hannun Shuji Nakamura a kamfanin Nichia na Japan a 1993, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2014 tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. LED ta bambanta da ampul ta fuskoki uku. Na farko, kuran yana bi ta cikinta ta fuska ɗaya kawai: doguwar ƙafa (anode) tana kallon kan ƙari na pil, gajeruwar (cathode), wadda ke gefen da aka shafe bakin fitilar, tana kallon kan ragi. Na biyu, tana cin matsi kusan tsayayye, wajen volt 2 ga ja, wajen volt 3 zuwa 3,3 ga shuɗiya da fara. Na uku, ba ta iya tsare kanta daga yawan kwarara. Irin ta milimita 5 da aka saba gani ba a wuce mata miliampe 20. Idan aka jona ta kai tsaye da pil na volt 9 ba tare da rezistans ba, takan ƙone nan take.

5. Awo uku kafin a taɓa ƙarfen liƙi

Duk aikin a cikin akwatin makunni ake yin sa, ba a buɗe ampili. Cikin ampili akwai kuran gida na volt 220, a ampiloli masu lamp kuma akwai ɗaruruwan volt da kan zauna a cikin kondansato ko bayan an zare waya daga bango. Ana buƙatar ma'aunin kuran (multimètre) don awo uku.

Awo na farko, irin makunnin. A zare jak daga ampili, a sa ma'auni a matsayin da yake ƙara idan waya ta haɗu, a ɗora tsinkensa ɗaya a tsini, ɗaya a jiki. A taka, a ɗaga. Idan ƙarar ta ci gaba bayan an ɗaga, ta kuma tsaya a taku na biyu, makunni mai riƙewa ne. Idan ta canza kawai lokacin da ake danne da shi, mai saki ne.

Awo na biyu, dangantakar (b) da (c). A bar makunni a haɗe, a soka jak, a kunna ampili, a saurara. Shin aikin da ake nufi a kunne yake ko a kashe? A rubuta amsar a takarda da cikakkiyar jimla, misali: «Idan makunni yana haɗe, ampili ya yi shiru.» A wannan wuri kuma a tambayi makaɗi abin da yake so haske ya nufa, domin wani yana son ja ta haska lokacin shiru don ta gargaɗe shi, wani yana son haske lokacin da murya ke fita.

Awo na uku, abin da ampili ke turowa ta wayar. A cire murfin akwatin makunni, a bar shi a katse, ampili a kunne, a auna matsi tsakanin wayoyin biyu, a kuma lura da wadda ke ƙari da wadda ke ragi. Daga nan a mayar da ma'auni ga miliampe, a haɗa wayoyin biyu ta cikinsa, a karanta kwarara. Wannan ba ya cutar da ampili, tun da abin da makunnin ke yi ke nan kullum. Idan matsi ya nuna sifili, mai yiwuwa murya ce ke bi ta wayar kamar a misalin amsa-kuwwa, kuma hanya ta farko kaɗai ta dace.

6. Hanya ta farko: fitila mai pil nata

Wannan ita ce hanyar da ta fi aminci, domin zagayen fitila ba ya taɓa zagayen ampili. Kayan aiki su ne makunnin ƙafa mai riƙewa na irin inverseur bipolaire, da LED ja ta milimita 5 da mariƙinta, da rezistans na om 2200, da pil na volt 9 da hularsa, da guntayen waya, da dalmar liƙi.

Tsohon makunni yawanci ƴan haƙora biyu gare shi a ƙasa, inda ake liƙa waya. Sabon yana da shida, a layi biyu, uku-uku. Kowane layi makunni ne mai zaman kansa, amma taku ɗaya ke motsa su tare. A kowane layi haƙorin tsakiya shi ne uwa: taku ɗaya ya haɗa shi da na sama, taku na gaba ya haɗa shi da na ƙasa. Kafin liƙi a tabbatar da ma'auni yadda layukan suka kwanta, domin idan aka juya makunnin a kaikaice ido yakan ruɗe.

Layi na farko na ampili ne. Wayoyi biyun da aka cire daga tsohon makunni, ɗaya ta tafi haƙorin tsakiya, ɗaya ta tafi na sama. Layi na biyu na fitila ne. Jar wayar pil ta tafi rezistans, rezistans ya tafi doguwar ƙafar LED, baƙar wayar pil ta tafi haƙorin tsakiya. Saura gajeruwar ƙafar LED, kuma a nan ne jimlar da aka rubuta a awo na biyu ke aiki. Idan ana son haske lokacin da makunni ke haɗe, a liƙa ta a haƙorin sama, gefe ɗaya da wayar ampili. Idan ana son haske lokacin da yake katse, a liƙa ta a na ƙasa. Tazarar haƙoran nan biyu ba ta kai faɗin yatsa ba, amma ita ce tsakanin fitila mai gaskiya da maƙaryaciya. Wanda aka ce masa «a sa ta haska idan an buɗe» yana iya zaɓar kowanne daga cikinsu, kuma ba za a ce bai ji Hausa ba.

Ga lissafin rezistans. Pil yana ba da volt 9, LED ja ta ci 2, saura 7. Idan aka raba 7 da om 2200, ana samun kwarara ta wajen miliampe 3,2, wadda ta ishi LED ta zamani da dare ko cikin ɗaki. Rezistans na om 2200 yana da sauƙin ganewa, zobba uku ne jajaye, na huɗu ruwan zinare. Ga masu wasa a fili da rana, a gidan biki ko dandali, ana iya sauka zuwa om 1000, kwarara ta kai miliampe 7, haske ya ƙaru, pil kuma ya fi saurin ƙarewa.

Pil na volt 9 irin alkalin yana ɗauke da wajen miliampe-awa 500. A kwarara ta miliampe 3,2 zai yi kusan awa 155. Mako guda awa 168 ne, don haka makunnin da aka jefa cikin jaka fitila na haske zai cinye pil kafin mako ya zagayo. Idan akwatin yana da kafar jak maimakon waya liƙaƙƙiya, kuma maɓallinsa ɗaya ne, akwai dabara: a sa kafa mai zobe, a kai baƙar wayar pil ga zoben, a kai haƙorin tsakiya na layin fitila ga jiki. Jak mai sassa biyu idan ya shiga yakan haɗa zobe da jiki, idan an zare shi zagayen fitila ya katse. In ba haka ba, a ƙara ɗan makunnin hannu a gefen akwati. A yanayin zafinmu pil da ya daɗe a ajiye yakan yi yoyo ya ci wayoyi, saboda haka a fitar da shi idan za a daɗe ba a yi wasa ba.

Ramin sabon makunni milimita 12 ne. Na fitila ya danganta ga mariƙinta, kuma a huda shi nesa da inda takalmi ke sauka. Wajen liƙi, ƙarfe mai wat 25 zuwa 40 ya isa. Kada a daɗe a kan haƙori fiye da ƴan daƙiƙu, domin zafi yana narkar da robar da ke riƙe da shi, makunni ya lalace tun bai fara aiki ba. Idan akwatin na ƙarfe ne, a rufe ƙafafun LED da roba don kada su taɓa shi.

7. Hanya ta biyu: fitila mai cin kuran ampili

Mutane da yawa sun fi son wannan domin ba ta buƙatar pil ko sabon makunni. Ana yanke ɗaya daga wayoyin biyu, a saka LED a tsakani, doguwar ƙafa tana kallon wayar ƙari. Idan makunni ya haɗa, kwararar da ampili ke turowa ta bi ta fitilar ta haska. Amma tana da sharuɗɗa uku.

Na farko, kwararar da aka auna ta kasance tsakanin miliampe 2 da 20. Ƙasa da haka haske ba zai ishi ido ba. Sama da haka dole a sa rezistans kafaɗa da kafaɗa da LED don ya ɗauke mata wani kaso.

Na biyu, ampili ya yarda da volt 2 da fitilar za ta ci. A da, idan makunni ya haɗa, matsin da ke tsakanin wayoyin yakan faɗi zuwa sifili. Yanzu zai tsaya a volt 2. Idan rele na volt 12 ne ke karɓar umarnin, saura masa volt 10, kuma irin waɗannan rele galibi suna kamawa daga wajen volt 9, don haka ja za ta yi. Shuɗiya mai cin 3,2 za ta bar masa 8,8, yau ya kama gobe ya ƙi. Idan kuwa taranzisto ne, wanda ke motsawa daga volt 0,6 zuwa 0,7, ko kuma zagaye irin TTL da ba ya karɓar abin da ya wuce volt 0,8 a matsayin sifili, to volt 2 na iya sa ampili ya ɗauka makunni bai haɗa ba sam. A nan fitila za ta haska, aikin kuma bai kunnu ba.

Na uku, wannan hanya tana iya nuna hali ɗaya ne kawai, wato a haɗe. Idan aikin da makaɗi ke son gani yana kunnuwa ne lokacin da makunni ke katse, fitilar za ta faɗi kishiyar abin da ake so. Wasu sukan gwada ɗora LED da rezistans a kan haƙoran makunni biyu don ta haska lokacin katsewa, amma hakan yana jan matsin wayar ƙasa, ampili kuma na iya ɗaukar cewa an haɗa.

A ƙara da cewa wasu ampiloli, ciki har da na Fender, suna aika umarni biyu ta jak mai sassa biyu da taimakon diyod da ke cikin makunnin. Duk wanda ya buɗe akwati ya tarar da diyod ko rezistans a ciki, ya bar su yadda suke.

8. Makunni mai saki

Idan awo na farko ya nuna makunni mai saki ne, hanyoyin nan biyu ba su da amfani. Fitila za ta haska ne kawai lokacin da ƙafa ke kai, wato za ta maimaita jimla ta (1) da makaɗi ya riga ya sani. Halin aikin yana ajiye ne a cikin ampili, wayar kuma ba ta mayar da labarinsa. Ana iya gina ɗan zagaye mai ƙidaya taku, da abin da ake kira bascule kamar CD4013, ya kunna fitila a taku ɗaya ya kashe ta a na biyu. Sai dai wannan zagaye hasashe yake yi. Idan wani ya danna maɓallin da ke gaban ampili, ko aka ɗauke kuran ampili ya koma halinsa na farko alhali makunni na kan pil, lissafinsu ya rabu, fitila ta ci gaba da nuna kishiyar gaskiya har sai an lura. A wurin da yankewar kuran ba baƙon abu ba ne, gara makunni marar fitila da wannan. Makaɗin da ba shi da fitila yana saurare da kunnensa, wanda ya dogara da ita kuwa ya daina.

9. Bayani a kan kalmomin da aka zaɓa

Makunni ya bi tsarin sunayen kayan aiki masu ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i, masu karin sama duka, kamar mabuɗi da ma'auni. Mun guje wa mataki, ko da yake daga taka ya fito kuma zai dace da pédale, domin harshe ya riga ya ba shi ma'anar matakin tsani da matakin aiki, kamar yadda muka yi amfani da shi a sashe na 3. Mun kira cosses na makunni haƙora, muka bar ƙafa ga LED, don kada «ƙafar makunni» ta rikice da «makunnin ƙafa», waɗanda jerin kalmomi kaɗai ya raba su.

Siffofin a haɗe, a katse, a kunne da a kashe duk na hali ne masu ƙarewa da -e, kuma kowane Bahaushe yana gina su ba tare da an koya masa ba. A rubutu «a kunne» na kunnuwa ya yi kama da «a kunne» na gaɓar ji, amma karin sauti ya raba su a baki, mahalli kuma ya raba su a takarda. Game da mas (masse), mun riƙe aron, domin ƙasa ta fi dacewa da terre, wato wayar kariya ta kuran gida, kuma mun riga mun yi amfani da ƙasa a ma'anar kishiyar sama wajen bayanin haƙora.

10. Kammalawa

Mun ga cewa sa fitilar alama a makunnin ƙafa yana buƙatar awo uku, da zaɓi tsakanin hanyoyi biyu, da sanin wurin da ya kamata a haƙura. Hanya mai pil ta dace da kowane makunni mai riƙewa. Hanya mai cin kuran ampili tana da sharuɗɗa uku. Makunni mai saki kuwa ba ya ba da damar fitila mai aminci daga waje.

Ta fuskar harshe, sababbin kalmomin da aikin ya nema kaɗan ne, aron da ke bakin masu sana'a ya cike mafi yawan gurabe. Wahalar tana ga tsofaffin kalmomi da kowa ke ganin ya sani. Jerin kalmomi da ya rubuta ouvert a hagu da «a buɗe» a dama bai yi kuskuren fassara ba, amma zai sa a liƙa waya a haƙorin da ba shi ba. Muna kira ga ɗaliban da ke shirya bincike a kan kalmomin fasaha su karanta sashe na 5 da na 6 ga mai gyaran rediyo a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, su ba shi kayan aikin, su rubuta duk wurin da ya tsaya ya yi tambaya. Waɗannan wurare su ne za su nuna kalmomin da ke buƙatar gyara a cikin shawarwarin da muka gabatar.